An hana ka bizar aiki? Zauna mu yi magana kafin kwana 30 su cika

Assalamu alaikum jama'a, na gida da na waje, barkanmu da war haka. Yau ba daga ɗakina na Faransa nake muku magana ba. Ina Yamai, unguwar Bukoki, ƙofar gidan yayana. Hutu na zo, jibi in Allah ya kai mu zan hau mota zuwa Tawa in gaida Inna. In kun ji ƙarar babura ku yi haƙuri, bakin hanya muke, samarin fada na nan gefe suna dafa shayi.

Tun da na sauka tambaya guda ake ta yi mini. Jiya da dare wani ƙanena, ɗan maƙwabta, ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, duba mini wannan." Fasfonsa ne, da takardar ƙin ba da biza a ninke a ciki. Wani kamfani a Faransa ya ɗauke shi aiki, an ba kamfanin izini, shi kuma aka hana shi biza. Na ce, "Ƙanena, yaushe aka miƙa maka ita?" Ya ce ta fi mako biyu a aljihunsa, ko gida bai faɗa ba saboda kunya. Wallahi gabana ya faɗi. Shi ya sa na kunna kamara yau, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Bari in fara da yadda abin yake tafiya, don nan ake fara cutar mutane. Izinin aiki ba kai kake nemansa ba, ubangidan da zai ɗauke ka shi yake nema, ta intanet, tun daga 2021. Galibi sai ya fara tallata aikin na tsawon mako 3 a wurin hukumar samar da aiki, wadda ake kira France Travail tun farkon 2024, ya nuna bai samu wanda ya dace ba a can. Sai fa in sana'ar tana cikin jerin waɗanda ake ƙarancin ma'aikata. Albashin kuma ba zai gaza mafi ƙarancin albashi na ƙasar ba. Akwai harajin ɗaukar baƙo aiki, ubangida ke biyansa, kuma doka ta hana shi karɓar kuɗin daga hannunka. Saboda haka duk wanda ya ce ka turo miliyan ya sayo maka kontira, ka riƙe kuɗinka.

In izini ya fito, sai kai ka nemi biza ta dogon zama. Kuɗinta yuro 99, kusan jika 65 na sefa ke nan, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko dala. Izini hannu guda ke ba da shi, biza wani hannu dabam. Na farko yana duba ubangida da aikin, na biyu kai yake dubawa. Mutane da yawa da zarar izini ya fito sai su fara sallama da dangi, alhali rabin hanya aka ci.

Mu ƴan Nijar kuma namu ya ƙara nauyi. Tun watan Janairu na 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na nan Yamai. Wanda zai ajiye dosiye sai ya fita wata ƙasa, ga kuɗin mota ko jirgi, ga masauki, ga abinci, ga zaman jira. Kafin ka ɗaga ƙafa, shiga shafin France-Visas ka tabbatar da ofishin da zai karɓi dosiyen wanda ke zaune a Nijar, kada ka yi tafiyar banza.

Ni ma an taɓa hana ni. Sana'ata gyaran sanyi ce, firigo da kilimatizar da ɗakunan sanyi na ajiyar nama da kifi. A nan Yamai na koya, a shagon maigidana, Allah ya ƙara masa lafiya. Takardar da aka ba ni ba ta da dogon bayani, layi ne aka yi wa alama: wai bayanan da na bayar ba su cika ba ko ba abin dogaro ba ne, kuma akwai fargabar in yi amfani da bizar don wata manufa dabam. Na karanta ta ban san sau nawa ba. Wace manufa? Ni da kontira ke hannuna?

Sai da ubangidana na can ya haɗa ni da lauya na gane inda maganar ta dosa. Ta ce masu ba da biza suna ɗora aikin da aka ɗauke ka a gefe guda, su ɗora shaidar cewa ka iya shi a ɗaya gefen. In ba su ga shaida ba, sai su ɗauka kontirar ƙofa ce kawai aka buɗe maka. To ni shekaruna na aiki duk a hannuna suke, babu su a takarda. A nan in maigida ya ce yaron nan ya ƙware, magana ta ƙare, kowa a kasuwar Katako zai ba ka aiki. Wanda ke zaune bayan gilashi yana duba dosiye bai san maigidana ba, bai taɓa ganin na farke kwamfaresa na mayar ba. Abin da ke cikin dosiye shi kaɗai ne ni a wurinsa.

Sai muka shiga tara shaida. Maigida ya rubuta takardar shaidar aiki, da tambarin shago, da adireshi, da lambar waya da za a kira a same shi, da shekarar da na fara da wadda na bari. Na nemo takardar makarantar koyon sana'a da na yi. Akwai wani kamfani da na yi wa aiki na ɗan lokaci wanda ya yi mini rajista a CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, na je na karɓo shaidar haka, na haɗa da takardun albashi. Wannan ita ce ta fi nauyi, domin hukuma ce ta ba da ita, ba wanda zai ce ɗan'uwana ne ya rubuta mini. Ubangidana na can kuma ya rubuta wasiƙa yana bayanin dalilin da ya sa ni yake so, da irin injinan da zan riƙa taɓawa.

A nan ina roƙon iyayen gidanmu masu shaguna, masu walda, makanikai, teloli, masu gyaran lantarki: don Allah ku riƙa rubuta wa yaranku takarda ranar da kuka yaye su. Ba raini ba ne, ba kuma alamar yaro zai gudu ba ce. Shekaru ya yi yana muku hidima, wannan haƙƙinsa ne.

Sannan ku duba sunayenku. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, difloma ta ce Mohamed, fasfo ya zo da ranar haihuwa dabam domin an rubuta "an haife shi wajen shekara kaza". Mu mun saba da haka, su kuwa mutum biyu suke gani. A gyara tun ana gida. Kuma kada ka bari wani ya buga maka takardar aiki ko ta banki ta ƙarya. Ana iya bincikawa, kuma in aka kama guda, duk na gaskiyar da ke tare da ita sun mutu.

Yanzu maganar kai ƙara. Ku saurara da kyau. Akwai hukuma a birnin Nant na Faransa da ke duba ƙorafin waɗanda aka hana biza, ana ce mata CRRV. In bizar dogon zama ce, can za ka rubuta, kuma ba ka da damar zuwa kotu sai ka fara bi ta wurinta. A zamanina wata 2 ake ba mutum. Tun 1 ga Janairu 2023 an mayar da shi kwana 30, daga ranar da aka sanar da kai. Na ji manya a fada suna ce wa yara, "kwantar da hankalinka, kana da wata biyu." Da zuciya ɗaya suke faɗa, amma labarin ya tsufa. Wasiƙar da Faransanci ake rubuta ta, da sa hannu, da kwafin takardar ƙin, da duk shaidunka. Ba wurin roƙo ba ne, ba a cika ta da "ku taimaka mini don Allah". Ka ɗauki dalilin da suka yi wa alama ka amsa shi da takarda. Lauya ko wanda ka ba wakilci a rubuce zai iya aika ta daga can ta gidan waya, irin wasiƙar da ake sa hannu in an karɓa, ku ajiye shaidar. Ko ka rubuta wa ofishin da ya hana ka kana neman su sake dubawa, kada ka zauna jiran amsarsu kwanakin su ƙare.

In wata 2 ya wuce hukumar ba ta ce komai ba, shirun nan ƙi ne a doka. Daga nan kana da wata 2 ka kai ƙara kotun harkokin mulki ta Nant. Kotu tana iya soke ƙin, tana iya umartar a ba ka biza, amma tana cin watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma ba kowane ubangida ke iya jira ba. Ra'ayina shi ne: in dosiyenka ya cika tun farko aka hana ka, ka tsaya kan ƙara. In kuwa da giɓi a ciki, ka aika ƙorafin don kada ƙofar ta rufe, sannan ka haɗa sabon dosiye cikakke ka sake nema, babu abin da ya hana. Ni duka biyun na yi, sabon dosiyen ne ya fara fitowa.

Zaman jiran nan shi ne ba a faɗa wa mutum. Na koma Tawa na zauna. Mu mutanen Adar kun san mu da tafiya biɗa, kusan kowane gida akwai wanda ke Abijan ko Libiya ko Kamaru. Wanda ya yi sallama bai tafi ba, kallon da ake masa ma ya ishe shi. "A'a, har yanzu kana nan?" Ba da mugunta ake faɗa ba, amma tana shiga. A irin wannan lokacin ne ake zuwa wa yaro da zancen hanyar Agadas, a ce masa wane ya bi ya isa. Waɗanda ba su isa ba, a hamada ko a teku, ba su da bakin ba da labari. Ƴan'uwa, in ɗanku ko ƙanenku ya dawo da takardar ƙi, ku zaunar da shi ku tambaye shi kwanan wata, kada ku bar shi da kunyarsa shi kaɗai.

To ka isa, alhamdu lillahi. Cikin wata 3 na farko sai ka tabbatar da bizarka ta intanet, in ba haka ba zamanka ya fita daga ƙa'ida. Shekara kuma ba ta da wuya ta zagayo, lokacin sabunta takardar zama ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya: takardun albashinka na kowane wata, shaidar wurin kwana, takardar haraji, ka buɗe musu jaka tun ranar farko. In ta ANEF, shafin intanet na harkokin baƙi, ake sabunta irin katinka na zama, tsakanin wata 4 da wata 2 kafin ya ƙare ake ajiye dosiye. In ta ofishin baƙi na yankinka ne, cikin wata 2 na ƙarshe, amma ka fara neman ranar ganawa tun da wuri, don samunta kaɗai aiki ne. Wanda ya makara ana iya cin sa tarar yuro 180.

In ka ajiye, ka tabbata an ba ka resefise, wato takardar zama ta wucin gadi, ko takardar da ke nuna ana kan duba dosiyenka, kuma ka karanta ko an rubuta kana da damar aiki. Ubangida ba ya iya riƙe ka a bakin aiki in katinka ya mutu babu wata takarda a madadinsa, ko da yana son ka. Na ga abokin aiki da aka dakatar da shi a haka, mutum mai iyali, kuɗin haya na jiransa. In za ka canza ubangida, sabon ma sai ya nemi izini, kada ka ajiye aiki kafin ya fito. In kuwa kontirarka ta dindindin ce aka sallame ka ba da son ranka ba, doka ta ce a ƙara maka shekara guda a kan katin, kada tsoro ya sa ka ɓuya. Bayan shekarar farko ana iya samun katin da ke kaiwa shekara 4, amma daga Janairu 2026 sai da shaidar Faransanci matakin A2 da jarrabawar sanin dokoki da tsarin ƙasar. Mu da muka yi lakwal da Faransanci harshen ba zai gagare mu ba, sai dai shaidar suke so, ba jin bakinka ba.

In aka ƙi sabuntawa, sau da yawa wasiƙar tana zuwa da umarnin barin ƙasa, wanda kowa ke kira OQTF. Galibi wata guda ne na kai ƙara, amma yana iya zama kwana 7 ko awa 48, gwargwadon halin da mutum yake ciki, kuma a jikin takardar ake rubuta shi. Ga inda mutanenmu ke faɗuwa: mutum biyar a ɗaki guda, sunan mutum ɗaya a akwatin wasiƙa. Ma'aikacin gidan waya ya zo bai ga sunanka ba, ko ya bar maka ƴar takarda ba ka je ba. Kwana 15 suke ajiye wasiƙar sannan su mayar, kuma ana lissafa ta kamar ka karɓa. Ka manna sunanka a akwati yau, in ka tashi ka sanar da sabon adireshi. In ta zo, ranar ka nemi lauya ko ƙungiya mai taimakon baƙi irin La Cimade, ita ba ta karɓar kuɗi. Wanda ba shi da hali kuma yana iya neman gwamnati ta biya masa lauya.

Saura masu shirin zuwa gida hutu kamar ni. Jirgin Air France ya daina sauka Yamai tun watan Agusta na 2023, yanzu ta Kazablanka ko Istanbul ko Adis Ababa muke biyowa, kuma a kowace tasha ana duba takardu. Resefisen sabuntawa, in ka haɗa shi da tsohon katinka da fasfo mai rai, yana ba ka damar komawa muddin kwanansa bai ƙare ba. Resefisen neman kati na farko ba ya bayarwa. Kada ka bari ko wanne ya mutu kana nan, domin babu ofishin da za ka ruga a Yamai ka nemi bizar komawa. Ni sai da sabon katina ya shigo hannu sannan na sayi tikiti, ko da yake Inna ta daɗe tana kira.

Masu turo mini hotunan takardunsu a WhatsApp, ku riƙa rufe lambar fasfo da sunan mahaifi kafin ku ɗauka, layin dalilin ƙin da kwanan wata kaɗai nake buƙatar gani. Ni ba lauya ba ne, abin da ya fi ƙarfina zan ce muku ku nemi lauya. In na isa Tawa na samu intanet mai kyau, za mu zauna mu rubuta wasiƙar ƙorafi tare, layi bayan layi. Sai mun haɗu, Allah ya bar zumunci.