Baikon mabukata: a ɗauki hoto ko kada a ɗauka?

[Hoto: mata a jere gaban majami'a, kowacce da leda, ana ɗaukarsu da waya]

Kun sha ganin irin wannan bidiyo. Ƙarƙashinsa kuma gardama ce: wani ya kawo Matiyu 6:3, inda Yesu ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi, wani ya mayar masa da Matiyu 5:16, cewa haskenku ya haskaka a gaban mutane.

Kan cewa kyauta sujada ce, babu jayayya. Ibraniyawa 13:16 ta kira yin alheri hadaya. Yaƙub 1:27 ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ainihin addini. Tattarawa ma mun iya ta.

[Hoto: ranar godiyar kaka, buhunan masara da dawa, doya, zakara ɗaure yana neman tserewa]

Har da wannan zakaran, da alama ba a nemi shawararsa ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen miƙawa. Mutane suna haɗa abu biyu wuri ɗaya: lissafin kaya da fuskar mai karɓa. Na farko a fili ake yinsa. A 2 Korintiyawa 8, da aka tara gudunmawa domin masu bi na Urushalima, Bulus bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. An haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa, ɗaya daga cikinsu ikilisiyoyi ne suka zaɓe shi, domin kada a sami abin zargi. Saboda haka mutum biyu su ƙirga, ma'aji ya rubuta, a karanta wa jama'a ranar Lahadi: buhu nawa ya shigo, gida nawa ya samu.

Amma sunan mai karɓa da fuskarta, wannan a rufe su. Dubi matar nan ta uku a layi a hoton farko, yadda ta ja gyale ta sunkuyar da kai. Gobe 'yarta za ta je makaranta, yara sun ga bidiyon. A ganina, duk kyautar da ta sa uwa ta ji kunyar fita kasuwa, an karɓe mata fiye da abin da aka ba ta. Hasken da Matiyu 5 yake magana a kai, domin a ɗaukaka Uban da ke sama ne. Matiyu 6 kuwa yana tsawata wa mai bayarwa don a yabe shi.

[Hoto: dattijo da shugabar zumuntar mata kan babur da yamma, buhu a baya]

Ga yadda ake yi. Zumuntar mata su fitar da sunaye, domin su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kada a dogara ga masu zuwa sujada kaɗai. Wadda ba ta da zanen fita ita ce ake mantawa. Haka ya faru a Ayyukan Manzanni 6, aka riƙa tsallake gwauraye masu jin Helenanci, wato harshen Girka, a rabon abinci, har sai da aka zaɓi mutum 7, cikinsu da Istifanas.

A raba bisa yawan baki. Tsohuwa mai zaman kanta da uwa mai marayu 5 ba za su karɓi mudu ɗaya ba. A tambaya kafin a kai: wata kuɗin niƙa take nema, wata magani, wata kuɗin makaranta. Kuma kada a rabar da kayan duka a Disamba. A ajiye wani kashi a wuri busasshe, a sa maganin ƙwari, sai Yuli da Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada.

Mutum biyu su kai gida, mace a cikinsu. A yi sallama, a zauna, a gaisa, a yi addu'a. In masu tallafi suna son shaida, a ɗauki hoton buhunan tun suna majami'a.