Igiya a rairayin da babu komai a kansa

Ga hoton da ake ta yawo da shi: mutane sun zo tsibiri shan iska, sai suka tarar an kewaye rairayi da igiya. Ba rami, ba gini. Har wasu na cewa ma'aikata ne kawai ke nuna isa.

To, ku zuba ido kan rairayin da ke cikin igiyar. A'a, ba tsakuwa ba ce. Ƙwan tsuntsu ne, guda huɗu.

Wannan tsibirin Assateague ne, a gaɓar gabashin Amurka. Tun 1965 aka keɓe shi, jama'a na zuwa wanka da kamun kifi da kallon dawakan jeji. Dawakan sun sha hoto, mu bar su su huta. Zancenmu na kan wannan ɗan tsuntsu, piping plover, mai nauyin gram 50 ko kusa da haka. Ba ya saƙa sheƙa, ɗan gurbi yake tonawa a rairayi.

Inda ake ɓata lissafi shi ne a ce, "Ai ni ban taka ƙwan ba." Ba sai ka taka ba. Da ka matso, uwar za ta tashi, ko uban, don karɓa-karɓa suke kwanci. Ta yi ta jan fiffike kamar ya karye don ta janye ka nesa. Kana ɗaukar bidiyo, ƙwai na gasuwa a rana, hankaka kuma ya ga inda ta tashi. Ka wuce, wani ya zo, ta sake tashi. Kwancin kusan mako huɗu ne, ku lissafa da kanku. Shi ya sa ake ja igiyar wajen mita 50 daga gurbin.

An ƙyanƙyashe ma ba a gama ba. 'Ya'yan da ƙafarsu suke zuwa kiwo bakin ruwa, sai sun kusa wata kafin su iya tashi. In suka ji motsi sai su lafe. A gaban hankaka dabara ce. A gaban tayar mota kuwa...

A 1986, ma'aurata (mata da miji) kusan 790 na wannan tsuntsu suka rage a gaɓar tekun Atlantika. Yanzu sun haura 2,000. Ni dai a ganina igiyar 'yan watanni ta biya kuɗinta.

Sai kare: a riƙe shi da igiya. Ragowar abinci kuma a tafi da shi, don shi ke gayyato hankaki da yanyawa.