Alƙalin wasa, ba ka da katin uban yaro

Assalamu alaikum masu kallonmu. Maganar yau ta masu hura usur ce a wasannin yara a nan Maradi, ko a filin unguwar Zariya kake yi, ko Mokoyo, ko Bagalam, ko Ali Ɗan Sofo.

Babban hutu ya zo, gasar unguwanni ta kankama. An zana layi da toka, ƴan kabu-kabu sun jera babura, jama'a sun tsaya cif a kan layin har mai jefa ƙwallo ba shi da wurin ja da baya. Yaro ɗan shekara 12 ya faɗi kusa da raga, kai kuwa ka ga ba a taɓa shi ba, ka ce a ci gaba. Sai ka ji murya daga gefe: "Alƙali, nawa aka ba ka?" Kafin ka waiwaya, mai maganar ya tako cikin fili. Uban yaron ne, kuma a haife ya haife ka.

Hannunka zai so ya tafi aljihu. Tsaya. Katunan nan biyu, da aka fara amfani da su a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Mekziko, na ƴan wasa ne. A 2019 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta ƙara da koci da sauran jami'an ƙungiya. Ɗan kallo ba ya ciki. Doka ta 3 ta ce duk wanda sunansa ba ya kan takardar ƙungiya, mutumin waje ne. In ka ɗaga masa jan kati ya harɗe hannu ya ƙi motsi, me za ka yi kuma? Ka nuna wa fili duka inda ikonka ya tsaya.

Abin da ke hannunka ya fi kati nauyi, wato wasan kansa. Doka ta 5 ta ba ka damar tsayar da wasa, ko dakatar da shi, ko tashinsa gaba ɗaya, in ana yi masa katsalandan daga waje. To ga yadda ake amfani da ita. Ka jira ƙwallo ta fita, ka ɗauke ta, ka je wajen kocin ƙungiyar yaron, muryarka ƙasa-ƙasa. "Koci, mutumin can mai farar hula naku ne. Sai ya koma baya za mu ci gaba." Shi ke nan. Ka koma tsakiyar fili da ƙwallo a hamata, ka duba agogo, ka yi shiru.

Dalilin da wannan ke ci a Maradi shi ne rana. Bayan la'asar ake fara wasa, magariba kuma ba ta jiran kowa. Kowane minti da ka tsaya, mutanen da suka zo kallo suna ganin haske na tafiya. Su da kansu za su fara cewa "Haba Alhaji, ka bar yara su yi wasa." Maganar da ba zai karɓa daga bakinka ba, zai karɓa daga maƙwabcinsa da suke sahu ɗaya a masallaci.

In kuma ya iso gabanka kafin ka kai ga koci, ka tuna ɗansa yana tsaye yana kallo, abokan ɗan ma haka. Mutumin da aka kunyata a gaban ɗansa da wuya ya ja da baya. Kada ka nuna shi da yatsa, kada ka dafa shi, kada kuma ka shiga bayanin ko an yi keta ko ba a yi ba, domin da ka fara bayani ka buɗe shari'a. "Baba, ka yi haƙuri, ka ɗan koma baya. In an tashi zan saurare ka." Sau ɗaya, sau biyu, sannan ka juya wajen koci.

Ba kowace hayaniya ce ake tsayar wa wasa ba, kada ka zama alƙalin da tari ma ke dame shi. Ihu da "wayyo" da "ba ka gani ba ne?" duk cikin ƙwallo suke. Inda ni nake ja layi shi ne ashar, da barazana, da zagin yaron wata ƙungiya, da shigowa fili. Da kuma wanda aka fi kawar wa kai: uban da ke zagin ɗan cikinsa don ya ɓarar da ƙwallo, har yaron ya daina neman a ba shi.

Akwai kuma Alhajin da ya saya wa yara riguna, aka ba shi kujera kusa da koci. In an rubuta sunansa cikin jami'an ƙungiya, kati ya hau kansa kamar kowa. In zagi ya fito daga bencin jami'ai ba ka gane bakin wa ba, babban koci ne zai ɗauki katin.

Yanzu in ɗan kallo ya shigo ya taɓa ƙwallo ana tsakiyar wasa, ba bugun tazara ba ne, ba fanareti ba ne, ko da a gaban raga ne. Sakin ƙwallo za ka yi daga hannunka. Haka in wani ya hura usur daga cikin jama'a yara suka tsaya. Kuma laifin uba ba ya hawa kan ɗa: kada ka fara ganin ketar yaron a duk inda ya sa ƙafa don babansa ya ɓata maka rai.

Rabin wannan wahala ana kashe ta kafin a take wasa. A Ingila, tun da hukumar ƙwallonsu ta fito da shirin girmama alƙalai a 2008, ana kafa shinge tsakanin iyaye da layi a wasannin yara. Mu nan igiya da turaku sun isa, taku biyu ko uku daga layi. Ka tara koci biyu da ƴan kwamitin gasa, ka tambaye su wa zai kula da ƴan kallon kowane gefe. In akwai dattijon unguwa da ake jin maganarsa, a aje masa kujera inda kowa zai gan shi.

In abin ya kai ga dutse ko sanda, ko jama'a suka cika fili suka ƙi fita, tashi wasan. A fara fitar da yara, sannan ka fita tare da mataimakanka, kada ka tsaya musu da kowa. A daren nan ka rubuta rahoto: minti nawa aka yi, ci nawa da nawa, me mutumin ya faɗa da bakinsa, me ya yi da hannunsa. "Ya yi rashin mutunci" ba rahoto ba ne. Kada kuma ka ce wane ya ci wasan, ko an matsa maka. Doka ta 7 ta ce wasan da aka tashi sake shi ake yi, sai in ƙa'idar gasar ko masu shirya ta sun yanke wani abu dabam. Ka miƙa takardar ga kwamitin gasa, in kuma wasa ne na ƙarƙashin FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ga reshenta na jihar Maradi, ka riƙe kwafi ɗaya a wurinka.