Saura mako biyu ka zauna SAT: abin da za ka kama da abin da za ka saki

Assalamu alaikum, ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa. Darasin yau na waɗanda jarrabawar SAT ta ƙure wa lokaci ne, wato jarrabawar da hukumar College Board ke shirya wa masu neman shiga jami'o'in Amurka. Saura mako biyu ko uku, ba ka fara komai ba. Na san za a ce maka ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiya ne, amma tunda tafiyar ta riga ta kama, zagin kai ba zai ƙara maka maki ko ɗaya ba.

Ka fara sanin abin da za ka tarar. Tun 2023 a wajen Amurka, 2024 kuma a cikinta, a kwamfuta ake yin jarrabawar, ta wata manhaja mai suna Bluebook. Sashe biyu ne. Karatu da rubutun Turanci tambaya 54 cikin minti 64, sai hutun minti 10, sannan lissafi tambaya 44 cikin minti 70. Kowane sashe makinsa daga 200 zuwa 800, jimla 1600.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Kowane sashe an raba shi zango biyu, kuma yadda ka yi a zangon farko shi ke yanke irin zango na biyu da za a ba ka. Ka yi kyau, a jefo maka masu wuya, waɗanda ta kansu ake kaiwa ga maki mai tsoka. Ka yi sakaci, a ba ka masu sauƙi, ka fito kana murna, alhali an riga an rage maka iyakar abin da za ka iya samu. Don haka in ka ga zango na biyu ya yi zafi, kada gabanka ya faɗi, alama ce mai kyau.

To yau ɗin nan, ba gobe ba, ka sauke Bluebook, ka zauna ka yi cikakkiyar jarrabawar gwaji guda, kyauta ce a ciki. Ka kashe waya, ka bi lokaci sak. Makin da ka samu bai dame ni ba. Abin da nake so shi ne tambayoyin da ka faɗi. Ka ɗauki littafi, kowace ɗaya ka rubuta dalilin faɗuwarta: ban san abin ba ne, na sani na yi gaggawa, ko lokaci ne ya ƙare mini? Wannan littafin shi ne manhajar karatunka na kwanakin da suka rage, ba wani ƙaton littafi mai shafi ɗari bakwai ba.

Ni a ganina, mai mako biyu kada ya ɓata lokaci wajen haddar dubban kalmomin Turanci. Wannan aikin shekara ne. Abin da ke gyaruwa da wuri shi ne nahawu da alamomin rubutu, domin dokokinsu ba su da yawa kuma su ake ta maimaitawa. Ga misali. An ba ka jimla biyu, kowace cikakkiya, aka ce ka zaɓi abin da zai shiga tsakaninsu. Zaɓi ɗaya aya ne, ɗaya waƙafi mai ruwa, kalmomin kuma iri ɗaya. To ka soke su duka biyun, aikinsu ɗaya ne a nan, kuma ba a amsa biyu daidai. In na uku cikin zaɓi huɗun waƙafi ne shi kaɗai, shi ma ka soke shi, don ba ya haɗa cikakkun jimloli biyu. Ka ga saura zaɓi ɗaya tak. Irin waɗannan tambayoyi suna zuwa ne can wajen ƙarshen zango, kuma ba sa cin lokaci, shi ya sa wasu ke tsallakawa su fara da su, sannan su dawo kan masu dogon tunani. An yarda ka yi gaba ka yi baya a cikin zango, amma da zarar ya rufe, ya rufe ke nan.

A lissafi, aljabara da danginta su ne kusan kashi 70 cikin ɗari, can za ka zuba ƙarfinka. Sannan akwai kalkuletar Desmos a cikin manhajar, an halatta ta daga farko har ƙarshe, amma ɗalibai da yawa ranar jarrabawa suke fara ganinta. Duba nan. An ce y = 2x + 3, kuma y = -x + 9, nemo x. Rubuta na farko a Desmos, rubuta na biyu a ƙasansa. Layi biyu sun fito, sun gicciye juna. Taɓa mahaɗar, ga shi ta nuna 2 da 7. Shi ke nan, x biyu ne, ko biro ba ka ɗauka ba. Ka ba wannan kalkuleta rabin awa kullum har hannunka ya saba. In akwai darasin da ya shige maka duhu, shafin koyarwa na intanet mai suna Khan Academy na da shirin SAT kyauta, ka nemi wannan darasin kawai, ban da yawo.

Kada ka bar tambaya ba amsa. Ba a cire maki don kuskure, in lokaci ya zo wuya ka canki ɗaya.

Saura kwana huɗu ko biyar, ka sake gwaji na biyu, ka gwada shi da littafin kurakuranka. A cikin kwanaki biyar na ƙarshen nan ne kuma ake shiga Bluebook a kammala saitin jarrabawa a fitar da takardar shiga, kada ka bar shi sai daren ƙarshe. Daren nan kwamfuta ta cika da caji, caja a jaka, takardar shaidarka mai hoto a kusa, sunan da ke kanta ya dace da wanda ka yi rajista da shi. Sai ka kwanta da wuri. In makin bai yi maka ba, ana sake zama, kuma jami'o'i da dama suna haɗa mafi kyawun makinka na kowane sashe daga zama daban-daban, sai dai ka duba shafin jami'ar da kake nema don ba duka ke yin haka ba.

A darasi na gaba za mu zauna kan Desmos kaɗai. Ku huta lafiya.