Daga Ina Kaza Take Samo Daɗinta?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa fige kaza ya san ɗanyen namanta ba ya ƙamshin komai. In ka kai hanci, ƙarni ne zai tarbe ka. Amma ka bi ta Kwangila ko PZ a nan Zariya bayan magariba, lokacin da masu gashi suka jera kaji a kan waya, tun daga tsallaken titi ƙamshi zai riƙa janyo ka. To ina ƙamshin nan ya ɓuya sa'ad da naman yake ɗanye? Ai babu shi ma a lokacin. Kayan haɗinsa ne kaɗai ke kwance a cikin tsoka, wuta ce ke ƙera shi. Wasu daga cikin kayan kazar ta tara su tun tana kiwo, wasu kuwa sai bayan an yanka ta suke samuwa.

Abin da muke kira daɗi, aikin gaɓa biyu ne. Harshe yana gane zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wani ɗanɗano na biyar da za mu zo kansa yanzu. Sauran duk aikin hanci ne, wanda yake da na'urorin kama ƙamshi iri kusan 400. Kana tauna, tururin abincin yana hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci. Shi ya sa mai mura, ko farfesun gidan biki aka ajiye masa, zai ce salam yake ji.

Ɗanɗano na biyar shi ne wannan cikar baki da romo mai kyau yake bari a harshe. A 1908 wani masani a Tokiyo, Kikunae Ikeda, ya ciro sinadarin da ke kawo shi daga wani ganyen teku. Sinadarin shi ne gulutamet, ɗaya daga cikin amino asid 20 da ake gina furotin da su, ya kuma raɗa wa ɗanɗanon suna umami. A 1913 almajirinsa Shintaro Kodama ya gano na biyu a busasshen kifi, wato inosinet. Wannan na biyun shi ne ya fi shafar kazarmu.

Ku duba yadda yake samuwa. Tsokar kaza mai rai tana aiki ne da wani makamashi da ake kira ATP. Tana ƙona shi, jini yana kawo iska, ana sake ƙera wani. Da zarar mahauci ya sa wuƙa, jini ya tsaya, ƙira ta tsaya. Amma enzayim, waɗannan ƙananan ma'aikata na cikin ƙwayar halitta, ba su tashi daga aiki ba. Sai su ci gaba da farfasa ATP ɗin da ya rage, mataki bayan mataki, har ya koma inosinet. A wannan tsakanin ne kuma naman yake sandarewa. Saboda haka kazar da aka jefa tukunya ana gama fige ta takan yi tauri, wadda ta huta wasu awanni a firij kuwa ta fi laushi. A firij na ce, don Allah, kada a bar ta a faranti cikin zafin bazarar Zariya. In kuma ta kwana biyu ta wuce ƙa'ida, inosinet ɗin kansa zai ci gaba da rushewa, ɗanɗano ya ja baya.

Nan ne wurin da ya fi burge ni. A kan harshe akwai wani furotin mai sassa biyu, T1R1 da T1R3, wanda aka tabbatar a 2002 cewa shi ke kama umami. Ku ɗauke shi kamar ƙofa. Gulutamet ya shiga, ƙofa ta rufe, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Inosinet kuma sai ya zo ta bakin ƙofar ya danna sakata, ta daɗe a rufe, saƙon ya yi ta tafiya. Haɗuwar su biyu kan ninka ƙarfin ɗanɗanon sau bakwai zuwa takwas. Yanzu ku tuna daddawa. Ƙwayoyin bakteriya ne suke narka furotin ɗin kalwa su saki gulutamet. Tumatir ma cike yake da shi. Ashe lokacin da Inna take marmasa daddawa a romon kaza, ƙofa da sakata take haɗawa, tun kafin a san wani abu wai shi dunƙulen magi.

To ƙamshi fa?

Lokacin da inosinet ya rushe, yana sakin wani ɗan sukari mai suna raibos. Ba shi da yawa ko kaɗan, amma aikinsa babba ne. A cikin zafi, raibos yana haɗuwa da wani amino asid mai ɗauke da farar wuta, sunansa sistayin. Irin wannan haɗuwa ta sukari da amino asid wani Bafaranshe ne, Louis-Camille Maillard, ya fara bayyana ta a 1912, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Daga cikin abin da take haifarwa akwai 2-metil-3-furantayol. Sunan da nauyi a baki, amma hancinku ya san shi sarai, shi ne ƙamshin dafaffen nama. A 1990 masana biyu a Jamus, Gasser da Grosch, sun tace romon kaza suka same shi a sahun gaba na masu ƙamshi. Bitamin B1 da ke cikin naman shi ma in ya ji wuta yakan fashe ya ba da shi.

Wannan haɗuwa ta Maillard tana son zafi da bushewa, tana kankama ne daga wajen digiri 140, ƙasa da haka a hankali take tafiya. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100 in yana tafasa, a nan Zariya ma da yake muna kan tudu bai cika kaiwa ba. Shi ya sa dafaffiyar kaza take fitowa fara, gasasshiya ta yi ja. A kan garwashi fata tana bushewa, zafi ya haura, sai a samu wasu sinadarai da ake kira firazin, masu ƙamshin soyayyar gyaɗa. Mai gashi ya barbaɗa yajin ƙuli, ya ƙara firazin a kan firazin.

Sai dai ƙamshin dafaffen nama, na shanu ma yana da shi. Abin da ke sa ka rufe ido ka ce wannan kaza ce, mai ne. Ku lura, kitsen rago yana daskarewa a faranti da hunturu, har ya like a dasashi. Man kaza kuwa ruwa-ruwa yake. Dalili shi ne saniya da rago suna da tumbi, bakteriyar ciki suna sauya man da suka ci ya koma mai tauri. Kaza ba ta da tumbi, kusan yadda ta ci mai haka yake zama a jikinta. Masara da waken soya suna da wani mai da ake kira linoleyik asid da yawa, shi kuma in ya haɗu da iska da zafi sai ya tsinke ya ba da 2,4-dekadayenal, ƙamshin soyayyar kaza. Masu kiwo a Samaru da Shika sun san ɗaya fuskar maganar: ka cika garin kifi a abincin kaji, nama ya zo yana ƙarnin kifi.

Yanzu ga gardamar da ba ta ƙarewa a layin 'yan kaji na kasuwar Sabon Gari: kazar Hausa ko ta gidan gona? Ni dai ina bayan masu cewa akwai bambanci, kuma jikin kazar ne ke ba da shaida. Ta gidan gona sati shida zuwa takwas ta isa yanka. Ta Hausa sai ta yi wata biyar, shida, ko fiye, tana yawo, tana tono, tana tsere wa shaho. Tsokar da ke aiki tana tara mayogulobin, furotin mai ƙarfe da ke riƙe iska, shi ne ke sa cinya ta fi ƙirji duhu. Jijiyoyinta kuma suna ƙara ɗaurewa da shekaru. Kolajin ke nan, wanda in ya daɗe a wuta yake narkewa ya sa romo kauri har ya riƙa like leɓe. Bincike a kan kajin gida na Koriya da Sin ya sha samun inosinet ɗinsu ya ɗara na kajin gona.

Gado ma yana da hannu. A 2004 aka wallafa taswirar DNA ɗin kaza gaba ɗaya, wato kundin ƙwayoyin gadonta. A Japan, masu nazarin wata kazar gida ta yankin Akita mai suna Hinai-jidori sun ga namanta ya fi na kajin gona wani mai da ake kira arakidonik asid, wanda suke dangantawa da daɗinta, suka kuma bi sawunsa zuwa ƙwayoyin gado biyu, FADS1 da FADS2, masu ƙera enzayim ɗin da ke sarrafa shi. Mu ma nan muna da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fitar da kazar ƙwai ShikaBrown. Ƙwai ana ƙirga shi, nauyi ana ɗora shi a sikeli, daɗi ne mai wuyar awo. Ina matuƙar fatan ɗalibanmu su riƙa bin kazar Hausa da irin wannan awon, kafin gauraye da baƙin iri ya shafe mana abin da ya bambanta ta.

Abu na ƙarshe, kazar Sallah da ta kwana. Kun san wannan warin da take yi in an ɗumama ta. Man nan mai ruwa-ruwa da ya ba ta ƙamshi, shi ne mai saurin lalacewa. Dahuwa tana sakin ƙarfen da ke cikin mayogulobin, ƙarfen ya taimaki iska ta ci man da ke bangon ƙwayoyin halitta, ko a cikin firij, cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Cinya ta fi ƙirji saurin yi, don ta fi shi mai da ƙarfe. In za ku ajiye, ku rufe ta ruf, ko ku nutsar da ita a miya yadda iska ba za ta taɓa ta ba. Citta da kanumfari kuma a sa su tun a tukunya, suna rage wa iska wannan ɓarnar.