Me Ya Sa Baba Ya Daina Fitowa Majalisa?

[Hoto: ƙofar gida bayan la'asar, dattawa a kan tabarma, wuri ɗaya jikin bango babu kowa.]

Assalamu alaikum. Ku dubi wurin nan da babu kowa. Shekara da shekaru nan ne mazaunin Baba. Ba a raba gardama sai ya sa baki, ba a ɗaura aure a unguwa sai da shi. Yanzu sai a yi sati ba a ga ƙeyarsa ba. In ka tambayi mutanen gida su ce, "Ai ka san tsufa." Wani ma ya rage murya ya ce rikicin tsufa ne ya fara.

Sau da yawa ba shi ba ne. Kunne da ido ne suka ja da baya, shi kuma ya bi su.

Mu fara da kunne, don shi ya fi iya ɓuya. Can ciki akwai wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi, cike da dubban ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a ka. Su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa, kuma wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa. Shekaru na cin su a hankali. Ƙarar janareta da injin niƙa da lasifika na ƙara wa abin sauri, haka ma wasu magunguna irin su allurar jentamaisin idan aka yi ta barkatai. Waɗanda kan fara mutuwa su ne masu kama siririn sauti, irin "s" da "f" da "sh" da "ts". Wasula kuwa suna nan da ƙarfinsu. Don haka Baba yana jin murya sarai, kalmar ce ba ta fita. Ka ce "tsari", ya ji "fari". Ka ce "fata", ya ji "sata". In ya ce, "Ni ina ji, ku ne ba kwa buɗe baki," ba taurin kai ba ne, haka abin yake zuwar masa. Muryar mata da ta yara ta fi siranta, shi ya sa hirar jikoki ce kan fara kuɓuce masa.

Gaisuwarmu kuma tana rufa masa asiri. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ya san jerin tun yana yaro, zai amsa daidai ko bai ji ko ɗaya ba. Sai hira ta yi daɗi, mutum huɗu na magana lokaci guda, babur na wucewa, sannan ya ɓace. A yi raha kowa ya fashe da dariya, shi ma ya yi murmushi bai san me aka ce ba. Wata rana zai ba da amsar abin da ba shi aka tambaye shi ba, a tuntsire. Dattijo mai mutunci ba zai bari a yi masa haka sau uku ba. Sai ya ce ƙafa ke damunsa.

[Hoto: suruka ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.]

Ga wani abu da ba mu cika lura da shi ba. Tarbiyyarmu ita ce yaro ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya. Suruka kuwa har mayafi take ja ta rufe baki don kunya. Ladabi ne mai kyau. Amma mai raunin ji da ido yake ƙarasa jinsa, leɓe yake kallo da yanayin fuska, ko shi kansa bai sani ba. Mun rage murya, mun ɓoye baki, sannan muna mamakin bai ji ba. Ɗaga wa uba murya kuma abu ne mai nauyi, wanda ya daure ya ɗaga sai ta fito kamar tsawa, Baba ya ji haushi. Daga nan sai a fara taƙaita masa magana: ga abinci, ga magani, sai da safe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ya kai a nema masa taimako, kuma a cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da ɗaya cikin huɗu ne.

Sai ido. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to ita ƙafa ido take bi. Inna da take gani dishi-dishi ba za ta so bin lungu mai kwata da rami ba. Baba zai fara barin jam'in asuba da isha'i saboda duhu. Karatun Alƙur'ani ya gagara, zura zare a allura ya gagara, ƙirga canji a kasuwa ya zama abin fargaba. Mafi ciwo shi ne rashin gane fuska. Inna ta wuce aminiyarta a gidan suna ba ta gaishe ta ba, kafin magariba magana ta zaga cewa tun da ɗanta ya kai ta Makka take ɗaga kai. Alhali ba ta gan ta ba ne. Suna na gaba sai ta ba da saƙon barka ta zauna a ɗaki.

Babban binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makantar abin da za a iya karewa ne ko a magance. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43 cikin 100. Ita kuwa yana, aikinta ba ya wuce mintuna: a kashe zafin wurin, a cire ruwan tabaran ido da ya yi hazo, a sa na roba. Hawan jinin ido, wato gilakoma, shi ne mugun. Yawanci ba ya ciwo, daga gefe-gefe yake cin gani, abin da ya ci kuma ya tafi ke nan, sai dai a tare saura. Masu bi gida-gida suna soka ƙarfe su ture yana cikin ido, don Allah a guje su, idanun da suka lalata ba kaɗan ba ne.

In biyun suka haɗu, abin ya wuce ɗaya da ɗaya. A da ido ke cike giɓin kunne, kunne na cike na ido. Yanzu babu mai taimakon wani. Mutum yana tsakiyar tsakar gida mai mutum ashirin amma shi kaɗai ne.

Ƙwaƙwalwa ma tana ji a jikinta. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa waɗanda za a iya gyarawa, a 2024 kuma ya ƙara da raunin gani da aka bari ba magani. Kada dai a zarce da zance. Gwajin da aka yi a Amurka kan tsofaffi 977, wanda ya fito a 2023, bai nuna na'urar ƙara ji tana kare tunanin kowa da kowa ba. A cikin waɗanda dama suke cikin haɗari sosai ne aka ga ta rage saurin raguwar tunani da kusan rabi cikin shekara 3.

To ina aka dosa? A fara da dubawa. Wani lokacin dattin kunne ne kawai ya toshe, a wanke a asibiti ji ya dawo, ban da tsinke ko gashin kaza. Wani lokacin tabarau ne na karatu. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sassan biyu. Mai ciwon suga ya riƙa kai idonsa a duba duk shekara ko da yana gani garau. Na'urar ji tana da tsada, tana son batir da haƙuri na makonni kafin kunne ya saba da ita, gara a faɗa wa Baba haka tun farko kada ya jefa ta a aljihu ranar farko.

[Hoto: ɗa ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya ɗago fuska.]

Sauran aikin na gida ne. Ka durƙusa, amma ka ɗago kai ya ga bakinka, haske na kan fuskarka. A kashe rediyo. Ka yi magana a tsanake, ba ihu ba. In bai ji ba, kada ka maimaita kalmar nan sau biyar, sauya ta da wata. Kada ka taɓa ce masa, "Bar shi, ba komai." In ka shiga wurin Inna, bayan sallama ka faɗi ko kai wane ne, in za ka fita ka ce za ka fita, kada a bar ta tana yi wa bango hira. A masallaci a sama wa Baba wuri kusa da liman. A majalisa kuma a tashe shi daga bakin titi, a zaunar da shi tsakiya, bayansa jikin bango, a riƙa magana ɗaya bayan ɗaya.