Gambo Sawaba da rigimar ƙuri'ar mata a Arewa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Kun san dai a zaɓen tarayya na 1959, wanda aka yi ana dab da samun 'yancin kai, matan Kudu sun fito sun yi layi sun jefa ƙuri'a, amma matan Arewa ko ɗaya ba a bari ta yi ba? Ƙasa ɗaya fa, zaɓe ɗaya. Jam'iyyar NPC ta su Sardauna Ahmadu Bello ce ke riƙe da Arewa lokacin, kuma matsayinta shi ne wai lokacin mata bai yi ba tukuna.

To ana cikin wannan hali ne wata yarinya daga Zariya ta ce ita sam ba ta yarda ba. Sunanta na yanka Hajaratu, an haife ta a 1933, ana ce mata Gambo saboda ita ta biyo tagwaye. Tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano da aka kafa a Kano a 1950, ba a jima ba ta zama shugabar mata. Har Abeokuta ta je wajen Funmilayo Ransome-Kuti don ta ga yadda suke haɗa kan matansu a can.

Kuma abin da ya fi burge ni da ita, ba ta tsaya kan dandamalin lacca kawai ba, gida-gida take bi, ta yi sallama ta shige har cikin tsakar gida inda namiji ba ya isa ya shiga, ta samu matan kulle ana daka ana tankaɗe ta zauna tana musu bayanin mene ne ƙuri'a, me ya sa za a ce ku ba ku da bakin magana a kan wanda zai mulke ku. Wannan ne ya tsone wa hukumar En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ido. Aka kama ta a Kano, alƙali ya ɗaure ta, daga baya ma aka kore ta daga garin. Sau 16 ana kai ta gidan yari, ga dukan 'yan daba, wallahi matar nan ta ga tasku amma ko gezau.

Sai a 1976, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka bar matan Arewa suka yi zaɓen ƙananan hukumomi, sannan babban zaɓe a 1979. Allah Ya ja kwananta ta ga ranar da idonta. Ta rasu a 2001, yanzu haka babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi. Allah Ya jiƙan Hajiya Gambo.